Na Haɗa Sabuwar Kwamfuta Amma Ta Ƙi Tashi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu haɗa kwamfutar tebur da hannunsu suka fi yi idan sun gama ɗaure komai, suka danna maɓalli, suka ji shiru. An jero su ne daga soket ɗin bango zuwa cikin akwati. Duk inda aka ce ka taɓa wani abu a ciki, ka fara kashe makunnin wuta da ke bayan akwatin kwamfutar, ka zare filogi, sannan ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita.

1. Na danna maɓalli, ko motsi babu. Na ƙona wani abu ke nan?

Da wuya. Mafi yawan sababbin kwamfutocin da suka ƙi tashi ba abin da ya mutu a cikinsu. Ko dai wani kebul bai shiga har ƙarshe ba, ko an manta da shi ɗungurum, ko an soka shi inda ba wurinsa ba. Kaya kan zo a lalace, amma wannan shi ne zargi na ƙarshe.

Kafin komai, tantance irin ƙin tashin, domin iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Idan babu fitila, babu fanka, babu ƙara, matsalar wuta ce, sai ka bi tambaya ta 2 zuwa ta 7. Idan fanka ta ɗan juya ta tsaya, je ka tambaya ta 8. Idan kuwa fankoki na juyawa, fitilu na ci, allo ne kawai baƙi ƙirin, to kwamfutarka ta samu wuta, sai ka fara daga tambaya ta 10.

2. Daga ina zan fara dubawa?

Daga bango. Soka cajar waya ko fitila a soket ɗin ka ga ko akwai wuta. Cire ekstenshan daga tsakani, ka haɗa kai tsaye. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya yana da fis a cikinsa, kuma fis ɗin kan mutu ba tare da wata alama ba, don haka ari kebul ɗin monita ka gwada, galibi bakinsu ɗaya ne.

Sai bayan fawa saflai, akwatin nan da ke raba wa kowane sashe wuta. Akwai makunni mai alamar I da O. I ne kunne, O kashe. Kada ka ji kunyar dubawa, ya kayar da ƙwararru ma. Da ka kunna shi, leƙa madabod, wato babban farantin da sauran sassa ke hawa kansa: da yawa suna da 'yar fitila da ke kamawa tun ba a danna maɓallin gaba ba. Idan ta kama, wuta ta iso, sai ka wuce tambaya ta 4 da ta 5.

3. Akwai wani jan makunni a bayan fawa saflai mai lamba 115 da 230. Na mene ne?

Na zaɓen ƙarfin wutar ƙasar da kake ne, kuma a tsofaffi da masu araha ake ganinsa. Wutar Najeriya, Nijar da Gana tana wajen bolt 230 ne, ta Amurka kuwa 120. Kayan da aka shigo da su daga Amurka sukan zo a kan 115. Ka soka shi a haka, za ka ji fas, hayaƙi ya tashi, shi ke nan ya tafi. Mayar da shi 230 tun kafin filogi ya ga soket. Na zamani yawanci ba su da wannan makunni, da kansu suke daidaita kansu. Karanta takardar da ke manne a jikinsa ka ga iyakar abin da yake ɗauka.

4. Kebul nawa ne dole su shiga madabod daga fawa saflai?

Biyu. Babban mai ramuka 24 da ke gefen dama, da kuma mai ramuka 8 na firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ke can sama ta hagu, inda aka rubuta CPU_PWR ko ATX_12V. Na biyun nan ne aka fi mantawa, saboda yana lungu, wani lokaci ma fankar firosesa ta rufe shi. In babu shi, firosesa ba ta samun wuta ko kaɗan.

Babban yana da tauri. Tallafi bayan madabod da yatsu, ka danna har sai ƙugiyarsa ta kama ka ji ƙas. Haska tocila ta gefe: in ka hango ɗan tsaga tsakanin robar kebul da ta madabod, bai zauna ba, ko da ya yi kama da ya zauna. Wasu kuma a rabe suke zuwa, 20 da 4, sai ƙaramin ya maƙale a sama ba a lura ba.

Kada ka rikita kebul ɗin firosesa da na katin hoto, wato katin da ke aika hoto zuwa monita. Dukansu ramuka 8 ne, amma na firosesa yana rabewa 4 da 4, na katin hoto kuwa 6 da 2, kuma an rubuta PCIe a kansa. Tsarin wayoyinsu ba ɗaya ba ne. In ka ji yana ƙin shiga, kada ka sa ƙarfi, ba gidansa ba ne.

5. Wayoyin nan sirara da suka fito daga gaban akwati, yaya ake haɗa su?

Nan ne wurin da ya fi ba sababbin hannu wahala. A ƙasan madabod ta dama akwai 'yan filoli a jere, a MSI an rubuta JFP1, a Gigabyte F_PANEL. Wayar da aka rubuta wa POWER SW ko PWR SW ita ce ta maɓallin kunnawa, kuma dole ta hau kan filolinta biyu daidai. Gocewar fil ɗaya ta isa ta sa maɓallin ya zama ado. Buɗe littafin madabod ka bi zanen, kada ka yi ka-cici-ka-cici. Wayar maɓalli ba ta da gaba da baya, ko ta yaya ka juya ta za ta yi aiki. Na fitilu ne ke da alamar + da −, su kuma in an juya su fitilar ce kawai ba za ta kama ba.

Don ka san ko laifin maɓallin akwatin ne, cire wayar, ka kunna makunnin baya, ka ɗauki sukudireba ka taɓa filolin nan biyu a tare na daƙiƙa ɗaya. Abin da maɓallin yake yi ke nan, ba wani abu ba, kuma wutar wurin ba ta kai ta ja mutum ba. Ka dai kula bakin sukudireban kada ya zame ya goga wani wuri. In ta tashi, maɓallin ne ko wayarsa. Kafin ka samu gyara, ɗora wayar RESET SW a wurin, ka riƙa kunnawa da wancan maɓallin.

6. Yaya zan gane ko fawa saflai ɗin ne ya mutu?

Zare duk kebul ɗinsa daga madabod da sauran kaya. Lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takardu, ka haɗa ramin koriyar waya da na kowace baƙar waya a jikin babban kebul, sannan ka soka filogi ka kunna. Koriyar ita ce ta 16, wadda madabod ke amfani da ita wajen ba shi umarnin tashi. In wayoyin duk baƙaƙe ne, kamar yadda ake yin na yanzu, dubi layin da ke ɓangaren ƙugiya. Yawanci za ka ga rami ɗaya babu ƙarfe a ciki, shi ne na 20. Fara ƙirga daga ƙarshen da ya fi nisa da shi: rami na huɗu da na biyar su ne 16 da 17. In kana shakka, nemi zanen kamfanin kafin ka soka komai.

Fanka ta juya, yana da rai. Amma fa wasu na zamani ba sa juya fanka sai sun ɗau zafi, don haka maƙala fankar akwati ɗaya a jikinsa ta zama shaida. Wannan gwaji kuma iyakarsa ya nuna yana tashi, bai nuna zai iya ɗaukar nauyi ba. Mai mita zai iya aunawa: layin bolt 12 ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Gwajin da ya fi kowanne shi ne aro wani da aka san yana aiki.

Kada ka kwance murfinsa. Akwai manyan ma'ajiyan wuta a ciki da kan riƙe caji bayan an zare filogi, kuma suna iya yi wa mutum mummunar illa.

7. Kebul ɗin tsohon fawa saflai ɗina sun shiga sabon daidai. Zan iya amfani da su?

A'a. A irin waɗanda ake cire wa kebul, bakin da ke shiga madabod ne kawai aka yi wa tsari ɗaya a duniya. Bakin da ke shiga fawa saflai kowane kamfani da yadda ya jera wayoyinsa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta. Shigarsa daidai ba hujja ba ce. In ka ci sa'a zai ƙi tashi, in ba ka ci ba ya tura bolt 12 inda ake jiran 5, ya ƙona maka faifan ajiya. Haka nan fawa saflai da aka ciro daga wasu kwamfutocin ofis na HP ko Dell, da yawansu suna da nasu baki na daban da ba ya aiki da madabod ɗin kasuwa.

8. Fanka takan juya rabin daƙiƙa ta tsaya, wani lokaci da ɗan ƙara. Me ke nan?

Alamar wuta na haɗuwa inda bai kamata ba, fawa saflai kuma ya yanke don ya kare kayanka. Kada ka yi ta dannawa. Babban wanda ake zargi shi ne 'yan ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa a jikin akwati don su ɗaga madabod daga ƙarfe. Cikakken madabod na ATX yawanci tara yake buƙata, kowace a ƙarƙashin raminta. In ba a sa su ba, bayan madabod ya kwanta a kan ƙarfe. In kuma akwai guda ɗaya a inda babu rami, tana nan tana gogar layukan wuta ta ƙasa. Wannan kan faru idan akwatin ya zo da su a ɗaure don babban madabod, kai kuma ka sa ƙarami.

Duba kuma ko wani noti ya faɗa baya, ko ɗan harshen ƙarfen murfin baya ya kutsa cikin ramin USB, ko filolin babban bakin USB na gaban akwati sun lanƙwashe suna taɓa juna. Rashin kebul ɗin firosesa na tambaya ta 4 ma yana kawo irin wannan. In ba ka ga komai ba, sai tambaya ta 9.

9. An ce in fito da komai daga akwati in gwada a waje. Ba wahala ba ce kawai?

Wahala ce ta rabin awa da ke ceton wuni guda. Ɗora madabod a kan kwalinsa. Bar firosesa da fankarta, ram (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi) sanda ɗaya, kebul biyun nan na wuta, da monita. Katin hoto sai in firosesarka ba ta fitar da hoto da kanta, dubi tambaya ta 10. Faifan ajiya, wayoyin gaban akwati, fitilun ado, duk a ajiye su gefe. Tashe ta da sukudireba yadda aka bayyana a tambaya ta 5.

In ta tashi a kan kwali, kayanka lafiya lau, matsalar tana cikin akwati. Sai ka riƙa mayar da abu ɗaya-ɗaya, kana kunnawa bayan kowanne, har ka kai ga wanda da ka sa shi ta mutu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gaggawa: mutum ya canza ram, ya sake zaunar da kati, ya taɓa kebul, duk a lokaci ɗaya. Ko ta tashi bai san abin da ya gyara ba, in ta sake ƙi gobe ya koma farko.

10. Komai na juyawa, fitilu na ci, amma monita ta ce babu sigina.

Bi kebul ɗin hoto da hannunka zuwa bayan akwati. In kana da katin hoto, a jikin katin ake sokawa, can ƙasa inda ramukan suke a kwance, ba a na madabod da ke sama ba. Tabbatar katin ya zauna har ƙugiyar ramin ta rufe, kuma kebul ɗinsa na wuta ya shiga. A monita ma zaɓi mashigar da ka soka, HDMI ko DisplayPort.

In ba ka da kati, tambayi kanka ko firosesarka tana fitar da hoto. Na Intel da lambarsu ta ƙare da F, irin su i5-12400F, ba sa yi. Na AMD masu zama a soket AM4, wato mazaunin firosesa a jikin madabod, irin su Ryzen 5 3600 da 5600, su ma galibi ba sa yi sai masu G a ƙarshe kamar 5600G. Ramin HDMI na jikin madabod ba ya haifar da hoto da kansa, hanya ce kawai. Da irin waɗannan firosesa dole sai da kati.

11. Na tabbata ram ɗina ya shiga. Me ya sa ake ta cewa in sake dubawa?

Saboda ram kan yi kamar ya shiga alhali gefe ɗaya na sama. Yana son ƙarfi fiye da yadda sabon mai haɗi yake zato. Daidaita tsagar sandar da tudun ramin, ka danna kai biyun da manyan yatsu har makaman su rufe da kansu. Madabod masu makami a gefe ɗaya kawai sun fi yaudara, domin ɗaya gefen ba ya nuna maka komai sai ka ji ƙararsa.

A madabod mai ramuka huɗu, sanda biyu galibi suna zama a rami na biyu da na huɗu daga firosesa, wato A2 da B2. Sanda ɗaya kuwa A2. Gwada kowace sanda ita kaɗai. Ram na DDR4 da na DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Ka kuma yi hattara da ram ɗin manyan kwamfutocin sabar da ake samu da araha a kayan gwanjo, wanda ake rubuta wa Registered ko RDIMM: zai iya shiga ramin amma ba zai tashi a madabod na gida ba.

In DDR5 kake da shi, musamman a kan madabod mai soket AM5 na AMD, tashin farko kan ɗauki mintuna allo na baƙi yayin da madabod ke gwada ram ɗin yana daidaita shi. Mutane da yawa sukan kashe a tsakiyar wannan aiki su ce ta lalace. Ba ta minti biyar cur kafin ka yanke hukunci.

12. Akwai 'yan fitilu huɗu a gefen madabod, ɗaya ta tsaya a kunne. Me take nufi?

Madabod ne ke gaya maka inda ya tsaya. An rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a gefensu, kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya. In ta tsaya a CPU, duba tambaya ta 4, 13 da 15. DRAM, tambaya ta 11. VGA, tambaya ta 10, kuma ka sani wasu sukan bar ta a kunne don kawai monita na kashe. BOOT kuwa albishir ce: komai ya wuce, Windows ce kawai ba ka sa ba tukuna. Madabod da ba shi da fitilun yana da filoli huɗu da aka rubuta wa SPEAKER. Maƙala 'yar ƙaramar lasifika a nan. A mafi yawansu ƙara ɗaya gajere yana nufin lafiya, sauran kuma littafin zai fassara maka.

13. Firosesa ta zauna daidai a soket. Ba shi ke nan sun dace ba?

Ba lallai ba. Madabod yana da 'yar manhajarsa, BIOS, kuma in an yi ta kafin a ƙera firosesarka, ba za ta gane ta ba. Madabod na B450 sun fito a 2018, Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020, don haka tsohon B450 da ya daɗe a shago yana buƙatar sabunta BIOS. Haka B660 da Z690 da firosesar Intel ta zubi na 13 ko 14. Akwai ma inda sabuntawa ba ta magani: firosesar Intel ta zubi na 8 da 9 tana shiga soket LGA1151 na madabod irin H110 da B250, amma ba a yi su don juna ba. Masu haɗa kayan gwanjo sun sha faɗawa wannan rami. Kowane kamfani yana da jerin firosesar da madabod ɗinsa ke ɗauka a shafinsa na intanet, tare da lambar BIOS da ake buƙata.

In madabod ɗinka yana da maɓallin sabuntawa a baya, BIOS Flashback a ASUS, Q-Flash Plus a Gigabyte, Flash BIOS a MSI, za ka iya yi ko babu firosesar da ta dace. Ana sa fayil ɗin a filashi mai tsarin FAT32, a canza masa suna yadda littafin ya ce, a soka a ramin USB da aka keɓe. Kada ka fara wannan a kan wutar da ba ka amince da ita ba. In aka ɗauke a tsakiya, aikin na iya lalacewa. In babu maɓallin, sai a ari tsohuwar firosesa a wurin mai gyara.

14. Mene ne goge CMOS, kuma yaushe ake yi?

Mayar da saitin BIOS ne yadda ya fito daga kamfani. Yana da amfani in madabod ɗin na hannu ne, ko kuma ta tashi da farko sai ka kunna XMP ko EXPO don ƙara gudun ram ta ƙi dawowa. Zare filogi, ka cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar. Ko ka haɗa filoli biyun da aka rubuta wa CLR_CMOS, CLRTC ko JBAT1 da sukudireba na 'yan daƙiƙu. A tsohon madabod auna batirin, bolt 3 ya kamata ya nuna.

15. Yaushe zan ciro firosesa in duba?

Sai ka gama da sauran, domin duk fitarwa da mayarwa kasada ce. A AM4 filolin suna jikin firosesa, a Intel da AM5 kuwa suna cikin soket ɗin madabod. Haska tocilar waya a karkace ka duba layi-layi. Fil da ya lanƙwashe yakan yi ƙyalli daban da 'yan uwansa. Fil ɗaya tak na iya hana tashi, ko ya kashe ramukan ram biyu. Na AM4 mai haƙuri zai iya miƙe shi a hankali, na cikin soket kuwa gara a kai wa mai madubin gyaran waya. Wajen mayarwa, ɗan alwatikan da ke kusurwar firosesa ya dace da na soket, kuma ta kwanta da kanta ba tare da dannawa ba.

Duba fankar ma. An cire ledar da ke manne a ƙasanta? An soka wayarta a CPU_FAN? Kwamfutar da ke tashi ta yi ɗan lokaci ta mutu, sau da yawa zafi ne. Ɗaure notinan da kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta, kada ka matse gefe ɗaya har ƙarshe kafin sauran.

16. Janareto, inbata ko ƙarancin wuta na iya hana ta tashi?

Ƙwarai. Wasu fawa saflai masu araha an yi su ne don bolt 200 zuwa 240 kawai, in wutar unguwa ta yi ƙasa ba za su motsa ba. Masu ɗaukar 100 zuwa 240 sun fi jurewa. Ƙaramin janareto da wutarsa ke hawa da sauka, da inbata ko UPS masu arha da ba sa ba da wuta mai santsi, sukan sa fawa saflai na zamani ya yi ƙara ko ya yanke. Lura kuma da lambar UPS: mai 650VA yawanci bai kai wat 400 ba, ba zai riƙe kwamfuta mai babban katin hoto ba. Yi gwajin farko a kan wuta tsayayya, ko da za ka ɗauki akwatin zuwa wani gida ne.

17. Da gaske ne wutar jikin mutum tana kashe kayan kwamfuta?

Tana iya yi, ko da yake ba kasafai ba. Lokacin hunturu, da iska ta bushe har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tsit, haɗarin ya fi yawa. Taɓa ƙarfen akwati kafin ka ɗauki kowane abu, ka riƙe ram da kati ta gefe, ka bar wurin zinaren, kuma kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo.

18. Na bi duk wannan, har yanzu shiru. Wanne zan mayar wa mai shago?

Kada ka mayar da komai bisa zato. In a kan kwali, da fawa saflai da aka tabbatar yana aiki, sukudireba ya kasa tashe ta, zargi ya fi karkata ga madabod. Firosesa ita ce ta fi wuyar zuwa a mace. Hanyar tabbatarwa ita ce musaya: kai ram, kati da fawa saflai wurin mai gyara a gwada kowanne a kwamfuta mai aiki, a gabanka. Wanda ya ƙi a can shi ne mai laifi.

Tafi da rasit, da kwalin, da murfin robar da ya zo a kan soket, domin kamfanoni kan nemi a mayar da madabod da shi a rufe. Ɗauki hoton soket ɗin da kyau kafin ka miƙa, saboda lanƙwasasshen fil yawanci ba ya cikin garanti, kuma a kansa ake yawan jayayya. In kayan na hannu ne, kwanakin gwajin da mai shago ya ba ka ba su da yawa, don haka ka kai tun ba su ƙare ba.